Tutar da ruwa ya wanke

A Jugu aka haife ni, a can kuma kabarin kakan kakana yake, wanda fataucin goro ya kawo shi. Amma da na buɗe shagon tayoyi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Paraku, garin da ke ƙasa ɗaya da Jugu, matar da ke sayar da sakwara a gefena ta ji ina Hausa, sai ta yanke hukunci cewa ni baƙo ne. Kullum da fara'arta take tambayata, "Alaji, yaya mutanen ƙasarku?" Ba da mugunta take yi ba, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Da bikin 'yancin kai na ɗaya ga Agusta ya matso, na ƙudura zan nuna mata ko ni ɗan ina ne. Na sayo takardar ado mai laushi, kore da rawaya da ja, launukan tutar ƙasarmu, na dama garin rogo ya zama abin liƙi. Ni da ko maɓallin riga ban iya ɗinkawa ba, na zauna da almakashin matata ina yanka ƙananan tutoci, harshe a waje. Matata ta leƙo ta ce, "Maigida, damina fa ake." Na ce mata kishin ƙasa ba ya tsoron ruwa.

Na jera su a igiya tun daga ƙofar shago har bakin titi. Ranar bikin, maƙwabciyar tawa ba ta ma fito ba, ta tafi kallon fareti. Da la'asar aka tsuge da ruwa. Jan ya zuba ya koɗe ya koma ruwan lemo, rawayar ta wanke ta yi fari fat. Koren ne kaɗai ya tsaya da ni. Haushi ya hana ni sauke su.

Na manta cewa bikin Nijar na uku ga wata ne. Ran nan da safe wani dattijon direban babbar mota, mutumin Nijar, ya tsaya a ƙofata yana kallon igiyar: ruwan lemo, fari, kore, launukan tutar ƙasarsu. Ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya ciko.

"Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka. Duk garin nan kai kaɗai ka tuna da fet ɗinmu, bikin ƙasarmu."

Na buɗe baki zan gyara masa, na ga fuskarsa, na kasa. Na ce amin.

Duk wannan a kan idon mai sakwara. Da ya tafi ta matso tana goge hannu a zani.

"Ashe Nijar ce! In ka je gida, Alaji, ka taho mini da albasa."

Na ce to. Da Sallah na je Jugu, na sayi albasar a kasuwa, na kawo mata. Ta shinshina ta ce ta ƙasarmu daban ce.