Gwiwata da Fushin Baffa

Ba ni na zaɓi kokawa ba. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya zaɓa mini ita, kuma ba don yana ƙaunata ba. A samartakarsa ya yi shekara uku bayansa bai taɓa ƙasa ba, har ranar da wani mutum daga ƙauyen hayin rafi, ta wajen Shanono, ya kayar da shi a gaban jama'a. Tun daga nan bai sake shiga fage ba. Da ya ji ɗan mutumin ya tasa yana ta kada samari, sai ya fara kallon kafaɗuna. Mahaifina ya riga ya rasu, gida da gona suna hannun Baffa. Ina da shekara ashirin da ɗoriya, amma ba ni da bakin musu.

A wancan zamani, kafin zuwan Turawa, sai an kai amfanin gona gida, ayarin gishiri ya fara wucewa zuwa birni, sannan gangunan kokawa suke tashi. Baffa bai jira ba. Tun muna yankan dawa ya sa ni ɗaukar dami zuwa rumbu a guje. Bayan sallar asuba in yi gudu a yashin rafi har rana ta fito. Da hantsi in ja guga in shayar da shanun maƙwabta, waɗanda ba su ma roƙe mu ba. Da la'asar ya kawo samari uku in kama da su ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a jakinmu yana hutawa, ni ba na hutawa.

Da farko na yi ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Wuyana ya yi kauri, samarin nan suka daina son zuwa. Amma bayan wata biyu sai abin ya juya. Tuwo ya daina yi mini daɗi. In kwanta a gajiye in tashi a gajiye. Magana kaɗan sai in harzuƙa. Gwiwata ta dama ta fara kumbura, tana zafi in na durƙusa a salla.

Inna, mahaifiyata, ita ta fara yin magana. Ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, ka bar shi ya kwana biyu bai fita ba. Dubi yadda yake jan ƙafa."

Baffa ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Ke kika lalata shi da tausayi. Koma ciki."

Ni ma na taya shi. Na ce wa Inna ta daina sa baki a harkar maza. Har yanzu ina jin kunyar wannan magana.

Saura kwana goma a yi wasan da zan kara da ɗan hayin rafin, muka je kasuwa sayar da wake. Sai ga tsohon abokin gabar Baffa, uban wanda zan kama da shi. Ya yi furfura, amma yana tafiya a miƙe, da buhu a kafaɗa. Ya gaishe mu, Baffa ya amsa da ƙyar. Mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Wannan gwiwa ba ta fage ba ce. Ka hutar da shi. Nawa yaron kwana biyu yake kamawa, na uku ya kwanta a inuwa ya sha fura. In ka so a ɗaga wasan, zan yarda."

Baffa ya tofar da yawu a gefe. Ya ce, "Tsoro ya kama ku, ko? Je ka ka koya wa raggwayenka kwanciya."

A hanyar gida ya ce dabara ce, so suke in yi sanyi. Washegari ya ƙara mini gudun yamma.

Ranar wasan fagen ya cika, har da mutanen garin Kunci. Abokin karawata bai kai ni girma ba. Amma muna haɗa hannu na ji bambancin. Jikinsa sabo ne, nawa kamar tsohuwar igiya. Na yi yunƙurin ɗaga shi, na dogara da ƙafar dama, sai na ji wani abu ya tsinke a cikin gwiwar. Bai ma kayar da ni ba, da kaina na zube. Shi ya riƙe ni don kada kaina ya bugi ƙasa.

A kan jaki aka kai ni gida. Baffa yana gaba, bai waiwayo ba sau ɗaya. A ƙofar gida ya ce, "Da gangan ka faɗi." Daga ranar na tsane shi, kuma ya sani.

Mai ɗorin garinmu tsoho ne mai zafin baki. Ya matsa gwiwar har na yi ihu. Ya ce, "Ba yau ta lalace ba, ta daɗe tana yi maka kuka. Wane wawa ne ya hana ka ji?"

Na ce, "Baba, Baffa ne ya ce hutu ragwanci ne."

Ya ce, "Kai fa, ba ka da hankalinka? Nama ba ya ginuwa a lokacin da ake wahalar da shi, sai an sake shi ya kwanta. Kwana arba'in ba ka taka ta. In ka taka, kada a sake kira na."

Ya ɗaure ta da kara da tsumma. Na yi kwanakin nan a tabarma a ƙarƙashin rimi, Inna tana kawo mini fura da nono. Baffa in zai wuce sai ya ce, "Sannu, sarkin kwanciya." Ina barci kamar jariri, ci ya dawo. Bayan an kwance ɗaurin, tsohon ya sa ni tafiya da sanda zuwa rijiya kawai, daga baya zuwa gona, can da nisa ya yarda in yi gudu. Ya ce duk ranar da gwiwar ta yi zafi, wannan rana ta zama ce.

Da damina ta wuce, Baffa ya zo da asuba ya buga ƙofata. Ya ce, "Tashi, rafi."

Na ce, "Yau ba na fita, Baffa. Jiya da shekaranjiya na yi."

Ya ɗaga sanda. Na miƙe na kama ta, na riƙe, muna kallon juna. Da ya ga ba zai iya ƙwace ta ba, ya sake ta ya fita. A wannan shekara aka raba mana gona, aka ja danga a tsakiyar gida.

Na koma fage da tsarina: kwana biyu aiki, ɗaya hutu, Juma'a ba komai, bayan kowane wasa mako guda. A kaka ta uku na kayar da ɗan hayin rafin, a ta huɗu ya rama. Na yi shekara goma sha biyar ina kokawa, na bari da ƙafata, ko da yake gwiwar ba ta sake lanƙwashewa sosai ba, har yau a zaune nake salla.

Baffa bai je kallo ko sau ɗaya ba. Amma ranar da na yi nasara, an gan shi a kasuwa yana gaya wa mahauta cewa horonsa ne. Da ya kwanta ciwon ajali, ni na riƙa ɗaga shi ina juya shi, domin ba mai iyawa sai ni. Muna yi ba ma magana. Ya rasu bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban tambaye shi ba.