Ba Wanda Ya Ce Ta Taɓa

Ta fito daga ɗakin jarrabawa a Birnin Kebbi hannunta cikin hijabi, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba.

Ƙanwata ce Hajara. Ni na kawo ta daga Illo don jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu sai da kwamfuta ake yi. Kaf ajinsu ba mai kama ƙafarta a lissafi.

Na sha gabanta na ce, "Hajara, mi ya faru?"

Ta ce, "Yaya, ba wanda ya ce in taɓa."

Ashe kwamfuta ɗaya ce tak a makarantarsu, tana ofishin shugaba a lulluɓe da zane, tunda ba wuta. Ranar darasi sai a yaye zanen, su yi layi hannu a baya, malam na nuni da sanda. Wanda ya taɓa, bulala.

Shi ne a ɗakin jarrabawa ta zauna gaban kwamfuta ta naɗe hannu tana jiran izini, lokaci na ta tafiya. Kafin mai sa ido ya lura ya daka mata tsawa, rabi ya wuce.

"Na san amsoshin, Yaya. Wallahi na sani."

Muka kama hanyar komawa Illo. Baba kuwa ranar ko jirginsa na ruwa bai shiga ba, yana gida yana jiran albishir.

Shekara da shekaru ana horon ta kada ta taɓa, rana ɗaya aka ce don me ba ta taɓa ba. Jama'a, ku gaya mini, wa ya faɗi jarrabawar nan?