Dutsen da Uwaisu Ya Ɗaura wa Tiyo

Duk wanda ya kira yayana Uwaisu sakarai, ni Sauda sai na ci masa mutunci. Mutumin da ya tashi a bakin kogin Challawa, yana noman latas da albasa a fadamar da mahaifinmu ya bar masa, ba a koya masa ruwa.

Kafin kogin ya iso gonar, magudanai biyu ke zuba a cikinsa. Ɗaya ta kamfanin rini ce, ruwanta da zafi, yau ja gobe shuɗi, yana tafe a sama yana tururi, kowa na gani. Ɗayar ta kamfanin jima ce. Nata da sanyi, ga nauyin gishirin da aka wanke daga fatu, yana faɗawa kogi sai ya nutse ya bi ƙasa. Ba sa gauraya sai can gaba da nisa.

Uwaisu ya guji abin da idonsa ya gani. Ya ɗaura wa tiyon injin ban-ruwansa dutse, ya sake shi can ƙasa.

"Sauda, na ƙasa ne mai kyau," in ji shi. "Duba, ba ja ba shuɗi."

Wari kuwa, duk unguwar wari take, wa zai bambance?

Latas ya soma ƙonewa, ya ce rana ce. Albasa ta tsumbure, ya ƙara taki. Rani bayan rani, har ƙasar ta yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa. Ya dangwala ya lasa, ya ji gishiri, ya zauna daɓas.

Tare muka je kamfanin jimar. Wani jami'i mai ƙamshin turare ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, kogi ai yana cinye komai." Ƙarya yake, Allah ya isa! Gonarmu ce ta cinye.

Yanzu ko ciyawa ba ta fita a fadamar. Abin da ya fi ƙona min rai, Uwaisu a kamfanin nan ya samu aikin lebura, shi ke wanke fatu, ruwan ya bi magudana. Gonar da ke gaba da tasa kuwa ta ƙaninmu Sagir ce, shi ma ya ɗaura wa tiyonsa dutse.

Ran Juma'a Uwaisu ya same shi a bakin kogi ya ce, "Sagir, kwance dutsen nan."

Sagir ya kalli shuɗin ruwan da ke tururi a sama. "To Yaya, wanne zan ba shukar?"