Ranar da Aka Roƙi Motar Baba Kada Ta Tashi

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Sannu-Sannu ake ce masa, tun zamanin da yake tuƙa manajan wani kamfanin siminti. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa, don ko mai keke ne ya matsa masa sai ya kauce ya ba shi hanya. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Yakan ce, "Masu wuce ni ɗin nan, da yawansu ni na je duba su a asibiti."

Da ya ajiye aiki, kamfanin ya bar masa motar a matsayin sallama, don a lokacin ma an daina yayinta. Doguwa ce mai launin madara, bambarta na ƙarfe mai ƙyalli, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gaba kuwa guda ɗaya ce shimfiɗe kamar benci. A cikinta ya kai matarsa asibiti duk haihuwarta, a cikinta yaran suka yi amai suka yi faɗa a hanyar makaranta. Daga baya yaran suka girma suka watse, kowa da garin da abincinsa ya kai shi. Uwarsu ta rasu. Idonsa ya fara hazo, ya daina wuce kasuwar unguwa. Gidan ya rage daga shi sai agogon bango, sai motar a ƙarƙashin rumfar kwano.

Kullum da safe zai yaye tamfol, ya duba baƙin mai, ya duba ruwa, ya shiga ya murza mabuɗi. Murzawa ɗaya take tashi. Sai ya zauna a ciki, hannu bisa sitiyari, yana sauraron injin har shayinsa ya huce. Wata rana wannan ce kaɗai muryar da zai ji kafin rana ta faɗi.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa. Tana zaune da mijinta da 'ya'yanta a gidan sama, irin wanda ko keke sai an ɗauka a kafaɗa an hau da shi. Tun ranar da santsi ya kwashe Baba a banɗaki, ya kwanta nan har mai wanki ya zo karɓar kaya ya ji nishinsa, ta tsaya kai da fata sai ya koma wurinta.

"Baba, ɗaki na nan mun gyara maka. Ka rabu da motar nan ka taho," in ji ta a waya.

"Wa zai tashe ta da safe?"

"Kai fa, wa zai tashe ka in ka sake faɗuwa?"

"Auta, ana kirana a waje," in ji shi, alhali ko kaza babu a tsakar gidan.

Haka suke ta ja, har wata safiya wata mata mai jakar goyo ta tsaya a ƙofar gida tana leƙen rumfar. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ce mai nemo wa masu shirya fim kayan aiki. Labarin da za su ɗauka na zamanin da ne, kuma ta karaɗe garejin gari kaf ba ta sami mota irin wannan ba.

"Tana tashi kuwa, Baba?"

Ya shiga ya murza mabuɗi. Motar ta tashi. Matar ta yi tafi kamar yarinya, ta ce, "Wallahi ta fi tawa lafiya!"

Ya ce zai ba su aro, amma da sharaɗi: ƙafarsa ƙafar motarsa. Ta ce ai haka ma suka fi so.

Ko fita layin ba ta yi ba ya kira Auta. "To, ke mai cewa a rabu da ita. Fim za ta fito. Ki tara mini jikokina ku kalla, ku ga abin da kuke kira tarkace."

"Kai ma za ka fito, Baba?"

"Wa kike tsammani zai tuƙa ta?"

Ba wanda ya ce masa shi zai tuƙa. Shi dai a ganinsa ba sai an faɗa ba. Ya wuni yana goge bamba da toka da tsumma, ya wanke fulogogi da fetur, ya ciro tsohuwar rigar aikinsa mai maɓallan ƙarfe daga ƙasan akwati ya kai guga.

A harabar wani tsohon sito aka yi aikin, can bayan gari. Ya isa da sassafe, motar na sheƙi. Bai gama fitowa ba wani mutum ya nufo ta da bokitin ruwan laka da soso, ya fara shafa mata a ƙofa.

"Kai! Kai! Me ta yi maka?"

"Kwalliya ce, Baba. Darakta ya ce ta yi kyau da yawa."

Darakta ɗan gajere ne mai hular rana, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya yi masa bayani a gurguje. A labarin, wani magidanci ne ya loda iyalinsa da kayansu za su bar gari, motar ta ƙi tashi, maƙwabta suka taru suna yi masa dariya. Shi ke nan aikin motar.

"Ta ƙi tashi?" in ji Baba.

"Ƙememe."

Aka ɗaure katifa da tukwane a saman motar. Jarumin fim ɗin ya shiga ya zauna a mazaunin Baba, wadda ke fitowa a matarsa ta zauna a gefe. Aka yi tsit. Jarumin ya ɓata fuska, ya murza mabuɗi, motar ta tashi nan take, tana kaɗawa a hankali. Harabar ta kece da dariya. Aka sake, ta sake tashi. Baba yana gefe cikin rigarsa mai maɓallai, yana ƙoƙarin danne murmushi.

Darakta ya cire hula ya sosa ƙeya. "Baba, motarka ba ta iya ƙarya ba. Ka taimake mu. So muke ta yi ta kuka amma kada ta kama. Mai ɗaukar sauti yana son kukan na gaske."

Baba ya daɗe yana duban bonet. A rayuwarsa an sha roƙonsa ya tayar da motar da ta mutu, amma ba a taɓa roƙonsa ya kashe mai lafiya ba. Mutane kuma ga su nan sun zuba masa ido, har da masu riƙe da fitilu, kowa shi yake jira. Rabon da a jira shi har ya manta. Ya buɗe bonet, ya zare wayar da ke kai wuta ga fulogogi, ya sa ta a aljihu.

"Kada ka riƙe mabuɗin da yawa, ɗana," ya ce wa jarumin. "Batirin ba yaro ba ne."

"An gama, Baba."

Amma masu fim ba su san sau ɗaya ba. A ɗauka daga gaba, a ɗauka daga gefe, wani ya yi tari a sake, gajimare ya rufe rana a sake. Kowane karo motar na kuka tana shaƙewa, matar na buga cinya tana cewa, "Na gaya maka ka rabu da wannan akwalar!" Maƙwabtan ƙarya na ƙyalƙyala dariya. Baba ya koma bayan wata babbar fitila ya zauna a kan akwatin kaya, yana murza wayar a cikin aljihu.

Da rana aka sauke kulolin abinci. Mai ɗaukar sauti, wani ƙato mai sanƙo, ya jawo shi cikinsu. "Matso, Baba, kada waɗannan kurayen su bar ka da ƙashi." Suka tambaye shi zamanin da, ya ba su labarin manajan da ke barci da zarar an hau titi, ya farka a ƙofar ofis ya ce, "Yau ka yi gudu da yawa." Aka yi dariya har jarumin ya ƙware. Mai kwalliyar 'yan wasa ta ce in da ta riski Baba da ƙuruciyarsa da ba ta auri mai gyaran fanka ba. Ya ce mata ai har yanzu bai yi kwantai ba. Ya ci abinci fiye da yadda ya saba, bai ma lura ba sai da ya ga farantin wayam.

Kwanakin da suka biyo baya haka suka tafi. Da yamma ya mayar da waya ya tuƙa motar gida da lakarta, don an roƙe shi kada ya wanke. Da safe ya riga kowa zuwa. Ya san mai shan shayi ba sukari, ya san wanda matarsa ke da tsohon ciki. Su kuma ko allura ta ɓata sai a ce a tambayi Baba.

A rana ta ƙarshe aka zo wurin tura mota. Darakta ya ce yana son dattijo a cikin masu turin. Aka roƙi Baba ya cire rigar mai maɓallai, wai ta yi kama da ta ma'aikaci, aka ba shi wata koɗaɗɗiya. Ya dafa but ɗin motarsa da tafin hannu biyu, ya tura tare da sauran, jarumin na ta murza mabuɗi a ciki. Kunnensa ya ji kukan ya yi nauyi, ya fara ja kamar numfashin mai asma. Ya buɗe baki zai yi magana, sai darakta ya ɗaga hannu ya ce an gama, fim ya kammala. Aka yi ta tafi da rungume-rungume, shi ma aka rungume shi.

Bai taɓa ganin mutane masu saurin tattara kaya irinsu ba. Kafin ya canza riga an naɗe wayoyi, an loda fitilu, an sauke katifa daga saman motar. Matar mai jakar goyo ta leƙo daga tagar bas ɗinsu.

"Baba, mu jira ka tayar da ita?"

Maganar batirin na bakinsa. Amma mutanen nan sun kwana biyu suna jin ana kiran motarsa akwala, ba ya son abin da za su tafi da shi ke nan.

"Ku tafi abinku, 'yata. Murzawa ɗaya ce."

Suka ɗaga masa hannu ta tagogi, bas ɗin ya fice.

Ya mayar da wayar inda take, ya rufe bonet, ya gyara kujerar da jarumin ya ja baya. Ya murza mabuɗi. Motar ta yi wani ɗan gurnani, ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya jira, ya sake. Ko ƙas ɗin ma babu.

Ba abin tashin hankali ba ne, ya sani. Mutum biyu su tura, ya saka giya ta biyu ya saki kuloci, shi ke nan. Ya fito ya duba harabar. Robobin ruwa ne a warwatse, sai inuwar sito da ta fara tsawo. Maigadin wurin tsoho ne mai sanda, ya ma fi shi rauni. Baba ya sa kafaɗa a jikin ƙofa ya gwada shi kaɗai, motar ba ta ko motsa ba, ƙugunsa ya amsa.

Ya koma ciki ya zauna, ya ciro wayar hannu yana bin sunaye. Bakanikensa ya rasu bara. Abokin aikinsa na kamfani shanyewar jiki ta kwantar da shi. Mai wanki ba ya ɗaga waya in yana guga. Lambar matar mai jakar goyo na nan, ya dube ta, kunya ta hana shi. Ya kai ƙarshen sunayen ya dawo farko, inda sunan Auta yake, ya kira.

Bugu ɗaya Auta ta ɗauka. Yana jin hayaniyar yara a bayanta, da ƙarar cokali a tukunya.

"Baba! An gama? Ka tuƙa ta?"

"Na tura ta dai."

Ta yi dariya, ta ji shi bai yi ba, ta tsaya. "Kana ina yanzu?"

"Ina cikinta. Ta ƙi tashi."

"A fim ɗin?"

"A'a. Sun tafi."

"Waye a wurin tare da kai?"

Ya dubi madubi, ya ga maigadi na jan ƙyauren harabar da ƙyar. Can wani jikansa ya yi ihu wai a ba shi wayar ya gaida Kaka, uwar ta ce ya bari tukuna.

"Auta," in ji shi, "ɗakin nan da kike faɗa. Matakala nawa ake hawa?"

"Da ɗan yawa, Baba. Amma akwai ƙarfen riƙewa."

"To. Ki ce wa mijinki ya zo ƙarshen mako, mu nemi wanda zai riƙe motar da mutunci. Ba mai yanka ta ya sayar da ƙarfe ba."

"Zai zo. Yanzu yaya za ka koma gida?"

"Akwai bas a bakin titi."

Ya ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya kulle ƙofofin, ya roƙi maigadi ya sa mata ido zuwa gobe. Sannan ya rataya rigar mai maɓallai a hannu, ya kama hanyar titi a ƙafa.