Ƙaiƙayin da Ya Fitar da Ni Daga Ɗakina

Bayan na yaye ɗiyata ta uku abin ya fara. A lokacin ina koyarwa a wata firamare cikin garin Batsari, maigidana kuma mahauci ne, yana da teburinsa a kasuwa. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya. Ba zan ce zaman sukari muke yi ba, amma ba a taɓa jin kanmu ba.

Ƙaiƙayi ne a gaba, irin wanda ba ya barin mutum ya tsaya wuri ɗaya. Sai wani farin abu mai kauri kamar gutsuren awara, sai raɗaɗi in na zo fitsari. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, yara na bin karatu da ƙarfi, ni kuwa ina matse ƙafafu ina cije leɓe, ina jiran a kaɗa ƙararrawar tara in ruga bayan aji. Mai ciwon kai ya dafe kansa a yi masa sannu. Ni ina zan dafe?

Da na ga ba na iyawa, na zura hijabi na tafi wurin mai kemis na bakin hanya. Na yi ta jan ƙafa sai da mazan da ke ciki suka watse.

"Sanyi ke damuna," na ce, kaina a ƙasa.

Bai tambaye ni komai ba, na kuwa ji daɗin haka. Ya ba ni ƙwaya guda ta haɗiya, da maganin cusawa, ya ƙara da kafso ja da yalo, ya ce wannan shi ke wanke cuta daga ciki. Cikin 'yan kwanaki na ji kamar an sauke mini dutse. Da al'ada ta zo ta wuce, abin ya dawo. Na koma, ya sake ba ni irinsu. Haka muka yi ta yi, sauƙin na ƙara gajarta, har ya kai in haɗiye ƙwayar kamar na haɗiye tsakuwa.

Iya ta gane, don tsohuwa ba a ɓoye mata yawan shiga banɗaki. Da farko ta tausaya. Ta dafa mini bagaruwa ta ce in zauna a ciki. Ta kawo wani gari a ƙulle daga wurin mai maganin mata. Wata maƙwabciya ta ce in riƙa wankewa har ciki da sabulu mai ƙarfi, ai datti ne. Duk na yi. Wurin ya saɓule, ya zama ko ruwa ya taɓa sai na yi hawaye. In maigida ya zo mini sai in ce ya yi haƙuri. Ya yi haƙurin na wani lokaci, daga baya ya fara tsaki.

Wata rana mai kemis ya dube ni ya ce, "Malama, in dai yana ta dawowa, to a gida ake sake ɗauka. Ku sha ku biyu da maigida."

Na ɗauki maganar nan da zuciya ɗaya na kai gida. Bayan la'asar ne, maigida ya dawo kasuwa yana wanke hannu a bakin rariya. Na durƙusa kusa da shi, na yi ƙasa da murya na faɗa masa.

Ya daina wankin. "Ni in sha maganin sanyi?"

"Haka ya ce, wai don kada ya dawo."

"Ni lahiyata lau. In wani abu kika kwaso, ke kika san inda kika kwaso shi."

"Haba Malam! Ina nake zuwa ban da makaranta?"

"To ai shi ne," ya ce. "Makarantar."

Makarantarmu malamai maza sun fi yawa. Ya sani, na sani, Iya da ke tsince wake a ƙofar ɗakinta ita ma ta sani. Ba ta ɗago kai ba. Washegari na tarar an ware mini buta, an ɗaura mata jan zare a wuya. Aka hana ni yi wa 'yan matana wanka. Kafin sati ya zagayo, matan unguwa sun daina aiko yara aron turmi. Wasu na cewa a shaddar makaranta na ɗauka, su ne masu kyautata mini zato. Sauran ba sai na maimaita ba.

Damina ta faɗi lokacin da maigida ya ce, "Ki tafi gida ki warke." Bai ce ya sake ni ba. Bai kuma bar ni na tafi da yara ba, sai ƙaramar.

Gidanmu a Babban Duhu yake, ƙasar Safana. Na tashi cikin shanu, Innata mai tallar nono ce tun tana budurwa. Amma shekara guda kafin wannan, ɓarayin daji sun kore garken mahaifina Baffa kaf, har maruƙa. Na iske turaku babu komai sai ciyawa, ƙoren Inna a kife a kan rumfa. Baffa, wanda bai saba da fartanya ba, yana gona tun safe. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Inna ce ta ja ni ɗaki.

Na gaya mata duka. Da na gama ta ce, "Ɗiyata, ni na haife ki. Ba sai kin rantse mini ba. Amma wannan ya fi ƙarfin kemis. Katsina za mu."

Muka hau babur zuwa Safana cikin caɓi, daga nan mota. A asibiti Allah ya haɗa ni da likita mace, ba ta girme ni da yawa ba. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni yaushe ya fara, yaya kamanninsa, me da me na sha. Ta duba ni. Ta sa aka ɗebi abin da ɗan tsinke mai auduga aka kai ɗakin gwaji, aka auna mini sukari, ta ce mu dawo bayan wasu kwanaki. Muka kwana wurin wata 'yar uwar Inna.

Ranar da muka koma, ta ce Inna ma ta shigo ta zauna.

"Malama, abin da ke damunki ba ciwon sanyin da mutane ke nufi ba ne. Wata ƙwayar halitta ce dangin yis, irin wanda ake sa wa fulawa ta tashi. Mata da yawa na ɗauke da ita a jikinsu ba tare da ta dame su ba. In ta samu sarari ne take yawa."

"Ba daga namiji ake ɗauka ba?" na tambaya.

"Budurwar da ba ta san namiji ba tana iya yi. Ba kuma a shadda kika ɗauka ba."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta share ido da gefen mayafi.

Likita ta ci gaba. Ta ce a jikin kowace mace akwai wasu ƙwayoyi masu amfani, su ke riƙe wurin da ɗan tsami, su hana wancan yis ɗin sakewa. Kafson da na yi ta sha ba ya taɓa yis, waɗannan masu amfanin yake kashewa. Wanki har ciki da sabulu shi ma haka. Ƙwayar haɗiyar kuwa, gwaji ya nuna irin nawa ya daina jin ta.

"To babu yadda za a mayar da masu amfanin?" na ce.

"Abin da masu bincike ke dubawa ke nan. Suna gwada ko za a iya ba mace irin waɗannan ƙwayoyin su yaƙi wanda ya ƙi jin magani. Dangin waɗanda ke sa madara ta zama nono ne."

Inna ta gyara zama. "Nono, likita? Wanda muke zuba ragowar na jiya a sabuwar madara ta kwana ta kama?"

"Danginsu, Inna. Amma ba a gama tabbatarwa ba, kuma ba kowane iri ke aiki ba. Ta sha nono in ta samu, abinci ne mai kyau. Kada dai wani ya ce ta zuba a wurin. Ba zan ce miki magani ne ba alhali ban sani ba."

Da muka fito, Inna ta zauna a kan dakalin asibiti ta yi wata dariya da ban taɓa ji daga bakinta ba. "Da can kare ma sai ya ƙoshi da nono a gidana," ta ce. "Yau ɗiyata na so, ba ni da ko ludayi."

Likita ta rubuta mini wani maganin cusawa daban, na tsawon lokaci, ta hana ni kafso da wankin ciki. Sannu a hankali wurin ya warke. Yakan leƙo jefi-jefi har yanzu, amma ban sake tsayawa gaban allo ina cije leɓe ba. Na taɓa tambayar ƙwayoyin nan masu amfani a wani babban shagon magani a Katsina. Aka nuna mini wasu na gyaran ciki. Na ce ko suna yi wa irin nawa, mai shagon ya ɗaga kafaɗa. Na bar masa kayansa. An ce har yanzu ana bincike. Allah ya ba su sa'a. In sun gama, na san ba Batsari za a fara kawowa ba.

Bayan girbi maigida ya zo biko, da ƙullin nama a leda. Ya gaida Baffa, suka daɗe suna zancen tsadar dabbobi. Da muka keɓe na faɗa masa duk abin da likita ta ce, ban rage ko ɗaya ba. Na ce in yana so mu je ya ji da kunnensa.

"Ba sai an je ba," ya ce. "Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya wuce ya wuce."

Na jira ko zai ƙara wata kalma. Ya tambaya ko na haɗa kayana.

Na koma saboda yarana. Na yi wa Iya bayani ita ma. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Likitoci ai mutanen kirki ne. Ba su son tona asirin mutum."

Bara Iya ta rasu. Ni na yi jinyarta, ni na dafa abincin sadakar uku. Mata sun cika tsakar gida, wata dattijuwa ta ɗaga murya ta ce duk wanda marigayiya ta ɓata wa ya yafe mata. Aka juyo ana dubana. Na ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Can da rana na fito daga banɗaki, sai ga wata baƙuwa daga Darini da ɗiyarta budurwa suna jira a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin matar ba. Ta dube ni, ta kama hannun yarinyar ta ja ta baya.

"Riƙe fitsarin," ta ce mata a hankali. "Mu shiga maƙwabta."