Shugaban da ke zama bakin ƙofa

A shekarar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi ta yajin aiki, mun tashi daga unguwarmu ta Longsight a Manchester bayan sallar asuba, ni da wani maƙwabcina mai mota, muka nufi Birmingham. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Aminina ne ya kira daga Kano hankali tashe: an ce masa ɗansa da ke digiri na uku a can ya duƙufa kan wata aƙidar Sinawa mai suna Dao. Ya ce in je in gani da idona, in ta tabbata ya bar hanya, gida zai dawo da shi.

Yayyafi ya raka mu har muka bar Manchester. A tashar hanya na sayi shayi, da aka faɗi kuɗinsa na ƙara leƙa kofin, ko akwai nama a ciki.

Mun isa unguwar Selly Oak a Birmingham da hantsi. Gidajen ɗalibai a manne da juna, kowace ƙofa da keke da kwandon shara. Yaron ya tarbe ni da ladabi, ladabin ma na zarge shi. Na shiga ɗakinsa da sunan alwala, na duba dadduma, na ga wurin goshi ya kwanta. Ban gamsu ba, ana iya aro.

Muna cin shinkafa da wake na tambaye shi, "Wai me Sinawan nan suka ce maka?"

"Kawu, zancen mulki ne. Suna ganin shugaba ya rage cusa kansa, ya bar jama'a su kai ga abin da suka riga suka sani."

"To ai shawara ce, muna da ita. Sai ka je Sin?"

Ya yi murmushi, ya ƙara mini manja.

Ashe shi ne shugaban ɗalibanmu na garin, kuma ranar suna da taro kan buɗa-bakin azumin da ke tafe: a haɗu a gida ɗaya, ko a riƙa zagayawa. A kicin ya gaya mini shi gida ɗaya yake so. Na ce a raina, yau zan ga yadda ake juya mutane da shiru.

Ya zauna bakin ƙofa kusa da takalma, yana miƙa shayi. Aka yi ta musu. Wani ya ce, "Shugaba, ka yanke mana kawai, ina da lakca!" Shugaban ya ce akwai waɗanda ba su yi magana ba. Sai wata ɗaliba da ke can gefe ta ce in aka tsaya gida ɗaya, matan da ke nesa su ne kullum a bas, abinci na hucewa a cinya. Aka tsaya kan zagayawa. Na zuba masa ido ina jiran dabarar ƙarshe. Ya ce a fara da gidan su ɗalibar, ya miƙe ya kira sallar la'asar.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin, ban gano inda ya ɓoye wayon ba, kuma har yau ban ce babu ba. Abin da na koyo kaɗan ne: mu a taronmu na Manchester ba mu taɓa jira mu ji na gefe ba.

Da isata gida na kira uban. Na ce, "Alhaji, na sauke amanarka. Ɗanka na salla, a bayansa na yi la'asar. Bar shi ya ƙarasa."

Ya ce, "To me suka koya masa?"

"Saurare."

"Ikon Allah! Ni na yi ta fama ban iya ba."