Wai satar shanu ta ragu a Babban Duhu

"Baba, ina maka albishir, bincikenmu ya nuna satar shanu ta ragu a yankinku."

Wani ƙwararre ne daga cibiyar binciken tsaro da haƙƙin ɗan Adam yake faɗa wa kawuna haka jiya a Babban Duhu. Ni na rako shi daga Safana, tun a mota ya ishe ni da lissafin digirorinsa.

Kawu ya dube shi, ya dubi turakun shanunsa da ciyawa ta rufe.

"Gaskiya ne, ɗana. Tun da suka kore na ƙarshe bara, ba su sake satar mana ko ɗaya ba."

Wallahi mutumin nan gyaɗa kai ya yi, ya rubuta.

Jama'a, don Allah a ina ake wannan karatun?